Kafin Ka Ɗaure Kaya Zuwa Ƙauye

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, maganar komawa gida ta yawaita a bakin samarinmu da ke zaune a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja. Kuɗin haya ya tashi, kuɗin mota ya ninka, mai tuƙa Keke Napep ya wuni a titi ya dawo da abin da bai wuce na mai da na balas ba. A daidai wannan lokacin buhun masara ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, sai yaron da ya baro Ketare ko Daudawa ko Damari shekaru da dama ya fara tuna cewa mahaifinsa ya bar gona. Wasu kuma ba su suka zaɓa ba. An tura malamin makaranta, an tura ma'aikaciyar lafiya, an ɗaura wa yarinya 'yar Funtuwa aure da mutumin wani ƙauye a bayan Maigora. Da ku duka nake magana, ƙannena da 'ya'yana, musamman masu shirin sauka a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son wannan komawa. Ƙasar nan ta cancanci 'ya'yanta su dawo mata. Kudancin Katsina ya fi arewacinta samun ruwan sama, ƙasarsa kuma tana karɓar masara da dawa da auduga da waken suya, ga shinkafa a fadamu. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a Daudawa, ana kai abin da aka noma injin gurza a Funtuwa. A tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Bankin Duniya ya haɗa hannu da gwamnati aka buɗe manyan shirye-shiryen bunƙasa noma guda uku na farko a Najeriya, Funtuwa na ciki tare da Gusau da Gombe. Ta wannan hanya ce takin zamani da sabon irin masara suka shiga gonakinmu sosai, domin kakanninmu dawa da gero suka sani a matsayin abincin gida, masara kuwa 'yar bayan gida ce da ake gasa wa yara. Yau tireloli na lodin hatsi a kasuwar Ɗandume zuwa kudancin ƙasar nan. Wanda ya ce maka babu arziki a wannan yanki bai san shi ba.

Sai dai akwai abu guda da nake so ku riƙe, domin sauran maganganuna duk a kansa suka rataya. A birni mutum na iya rayuwa shekara da shekaru da kuɗin aljihunsa kaɗai, maƙwabcinsa bai san sunan ubansa ba. A ƙauye da sani ake rayuwa. Gonar da za a ba ka aro, bashin takin da za a yarda a ba ka, wanda zai ɗauki matarka a babur cikin dare idan naƙuda ta zo, wanda zai buga maka ƙofa ya ce tashi ga su nan tafe, duk sun dogara ne a kan ko an san ka, an kuma yarda da kai. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ko a garin aka yanke maka cibiya, bayan doguwar tafiya sai ka sake neman wurin zamanka a cikin mutane.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi, wato tsaro, domin duk wanda ya ba ku shawarar komawa wannan yanki bai ambace shi ba, bai yi muku adalci ba. Ƙananan hukumomin nan uku suna bakin daji. Faskari na iyaka da Tsafe ta Zamfara, Sabuwa na iyaka da Birnin Gwari ta Kaduna, Ƙanƙara ma ta jingina da Zamfara. A daren 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. A watan Yunin 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta Faskari, a Yunin 2024 kuma irin haka ta faru a 'Yargoje ta Ƙanƙara. Waɗannan su ne duniya ta ji. Waɗanda ba ta ji ba sun fi yawa: manomin da aka ɗauke a bakin gonarsa, shanun huɗa da aka kora, iyalin da suka sayar da gona da rumbu don haɗa kuɗin fansa. Akwai ƙauyukan da suka tashi ɗungurungum, mutanensu na zaman gudun hijira a Funtuwa da cikin garin Faskari da Ƙanƙara. Kai da kake shirin fita daga birni, ka sani a kan hanya za ka yi kiciɓis da masu shigowa da tabarmi da tukwane a ka.

Wannan ba ya nufin ko'ina wuta ake yi. Abin da nake so ka fahimta shi ne, ba a tambayar lafiyar ƙaramar hukuma, lafiyar ƙauye ake tambaya, har ma lafiyar gona. Gari biyu na iya zama kusa da juna, ɗaya ana kwana a gida, ɗaya kuwa da la'asar sakaliya mata da yara ke kama hanyar inda za su kwana su dawo da safe. Gonar da ke jikin gari da wadda ke bayan rafi ba hukuncinsu ɗaya ba. Saboda haka kada ka yanke shawara da labarin Facebook, kada kuma ka yanke da maganar ɗan'uwan da ke marmarin ka dawo. Je ka da ƙafarka, kai kaɗai, ka kwana. Ka zauna a majalisar bayan sallar isha'i ka saurara. Ka duba ko akwai shanu a turke a ƙofar gidaje ko duk an sayar. Ka duba ko makarantar firamare na buɗe, malamanta kuma a garin suke kwana ko kullum sai sun koma. Ka tambayi direbobin da ke bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ko ta Funtuwa zuwa 'Yankara, ko ta Ɗandume zuwa Sabuwa, ƙarfe nawa suke daina tafiya. Direba ba ya yi maka kara a wannan magana, domin ransa ne a kai.

Idan ka sauka, kafin ka kwance kaya, ka nemi wani dattijo na danginku ya kai ka wurin mai unguwa, daga nan zuwa wurin dagaci da liman. Ka cire takalmi a ƙofar zaure, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ka bar dattijon ya faɗi ko kai ɗan wane ne, jikan wane, daga ina ka dawo, me kuma ya dawo da kai. A da ladabi ne kawai wannan. Yanzu ya zama kariya, saboda abin da ya fi cin ran mutanen yankin nan shi ne infoma, mai zama a cikin jama'a yana kai rahoto daji. Baƙuwar fuska mai yawan waya da yawan tambaya abin zargi ce, kuma zargi a irin wannan hali ya sha cin ran wanda bai ji ba bai gani ba. Ka sa 'yan sa-kai da jami'an rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 su san fuskarka da gidan da kake. Da ɗan gari akan ci gari.

Sannan ka ɓoye abin hannunka. Na san zuciyar matashi: yana so a ga bai dawo hannu rabbana ba, a ga sabon babur, a ga babbar waya, a ji ya sayi gona kuɗi hannu. Ɗana, wannan sha'awar ka danne ta. Labarin kuɗi ba ya kwana a cikin gari. Kada ka faɗi ranar da za ka kai kaya kasuwa, kada ka ƙirga kuɗi a teburin mai shayi, kada ka sa hoton buhunanka a intanet. Ka kuma haddace lambobin mutum uku ko huɗu a ka, ka san hanyar da ake bi a ƙafa zuwa gari mafi kusa. A Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan ukun, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. A wannan lokacin aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da sayar da mai a jarka. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan waya kaɗai ya sha wuya.

Game da sulhun da aka yi ta ƙullawa da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomi a 2025, za ka tarar mutane sun rabu. Wani zai ce maka ya samu ya noma gonar da ya shekara biyar bai taka ba, wani zai ce maka an sha yin irinsa a baya yana rushewa. Dukansu gaskiya suka faɗa. Kai sabon zuwa ne, ka saurara, kada ka zama mai ɗaga murya a kan abin da ba kai ka binne 'yan'uwa a kansa ba. Ina kuma roƙonka da babbar murya kada ka ɗauki ƙiyayyar wata ƙabila ka ɗora wa kanka. Fulanin da ke zaune a gefen gari, waɗanda iyayenka suka yi cinikin nono da taki da su, da yawansu su ma an kore musu shanu, an kashe musu 'ya'ya. Ranar da dattawan gari suka ce a tashi kuwa, ka tashi. Babu abin kunya a cikin tsira da rai, gona ba ta gudu.

Sai maganar gona, inda zumunci ya fi lalacewa. Gonar da kake kira ta babanka, wani ne ya riƙe ta duk shekarun da ba ka nan. Baffanka ne ko ɗan baffanka ya yi ta zuba mata taki, ya kare ta daga masu cin iyaka, wataƙila da ita yake ciyar da gidansa. Idan ka zo da rani ka ce a ba ka gonarka bana, ko da gaskiyarka ka sayi gaba. Ka sanar da wuri, tun kaka, ka bar shi ya kwashe amfaninsa, ka nemi a zauna. Idan ba a raba gado ba, a kira malami a raba, a fitar wa 'yan'uwanka mata rabonsu kamar yadda shari'a ta ce, domin da yawa daga cikin rigingimun da ke kai mutane kotu daga haƙƙin mace da aka danne suke tasowa. Ku zaga iyaka da ƙafa tare da maƙwabtan gonar ta kowace kusurwa, a nuna maka kututturen ɗorawa ko layin gamba ko tsohuwar kunyar da ta raba ku. Idan saye za ka yi, ko haya, ko jingina, a rubuta, dagaci ya sa hannu, shaidu su sa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka a kan filayen karkara, kuma neman ta ba rashin yarda da kowa ba ne. Wanda ya sayar maka zai mutu, kai ma za ka mutu, 'ya'yanku ne za su zauna da abin da kuka bari.

Daminar farko ta koyo ce. Kada ka zuba duk abin da ka tara a cikinta. Ka ɗauki abin da za ka iya nomewa ka ba shi taki isasshe, ya fi ka buɗe eka goma ciyawa ta cinye rabi. Ka lura da tsohon da ke maƙwabtaka da kai, yaushe yake shuka, wane ruwa yake bari ya wuce. Shi ya san inda ruwa ke kwanciya a gonarka, ya san ɓangaren da wuta-wuta ta kama. Idan ka ga ɗan furen nan mai launin shunayya ya fito a gindin dawa, ƙasar ta gaji, kuma ya riga ya sha jinin shukar tun yana ƙarƙashin ƙasa. Ka tuge shi kafin ya zubar da iri, baɗi ka sa waken suya a wurin, ka nemi takin gargajiya. Ka riƙa buɗe kunnen masara da safe kana duba tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016, domin idan ka ga ganye ya huhhuje ga kashinta kamar dusa a cikin kunnen, ta riga ta yi nisa. A nan ne karatunka zai yi amfani. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar da ire-iren masara masu jure wuta-wuta da masu nuna da wuri, malaman gona na hukumar bunƙasa noma ta jiha, wato KTARDA, kuma aikinsu ke nan su nuna maka. Kai da ka iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin feshi, ka karanta wa maƙwabcinka, ka hana yaro fesawa ba takalmi ba abin rufe hanci.

Kuɗin ƙauye sau ɗaya yake zuwa a shekara, buƙata kuwa kullum ce. Wanda ya saba da cinikin yau da kullum a Sabon Gari ko Kasuwar Barci, wannan ne zai fi gigita shi. Da kaka kowa na sayarwa, farashi ya faɗi. Zuwa watan Yuli da Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga na 'yan ƙwadago, ga zazzaɓin yara, a nan ne mutum ke cin bashin da zai biya da buhu biyu a kan kuɗin buhu ɗaya. Kada kuma tsadar hatsin 2024 ta ruɗe ka. A 2025 farashin masara ya faɗo ƙwarai alhali taki bai sauko ba, manoma da yawa ba su mayar da abin da suka kashe ba. Ka fara ware abincin shekara da zakka da iri, abin da ya saura shi ne na kasuwa. Ajiya mai yawa a ƙauyen da ba shi da tsaro ita ma haɗari ce, shi ya sa wasu ke kama ɗaki a Funtuwa ko Malumfashi su kai can.

Saboda haka kada ka yar da sana'ar da ka koyo. Ƙauye na da manoma, abin da ya rasa shi ne mai gyaran injin ban-ruwa, mai haɗa sola, mai gyaran waya, mai POS da ba ya zaluntar mutane, tela, mai walda, malamin da zai zauna da yara bayan la'asar. Wannan ita ce hanyar da za ka shiga zuciyar gari da sauri, ita ce kuma za ta riƙe ka tsakanin shuka da girbi.

Abin da ke kayar da 'yan birni a ƙauye sau da yawa bakinsu ne. "Mu a Kaduna ba haka muke yi ba." Ka cire wannan jimla daga bakinka gaba ɗaya. Mutanen da kake gani sun zauna sun riƙe garin a shekarun da barci ya gagara, sun binne nasu, sun koma gona washegari. Ba su buƙatar wanda zai zo ya koya musu wayewa. Ka yi gaisuwa doguwa yadda ake yi, ka tambayi gida da gajiya da ruwa. Ka je jana'iza ko ba ka san mamacin ba, ka kama haƙar kabari. Idan an kira gayya ko aikin gyaran hanya ko yashe rijiya, ka fito da fartanyarka, kada ka aiko da kuɗi a madadin jikinka. Za a roƙe ka abubuwa, domin ana zaton duk wanda ya fito birni da kuɗi ya zo. Ka bayar da abin da za ka iya, abin da ba za ka iya ba ka faɗa da fuska a sake, kada ka yi alkawarin da ka san ba ka cikawa.

Ke kuma 'yata da aure ko aiki ya kai ki, nauyinki ya fi na namiji, domin shi yana da majalisa da kasuwa, ke kuwa gida za ki tarar cike da idanu. Za a kalli girkinki, da shigarki, da yadda kike gaishe da uwar miji. Kada ki rufe ɗaki ki rungumi waya. Ki fito tsakar gida a yi sussuka da ke, a yi surfe da ke, ko ba ki iya ba ki ce a koya miki, za ki ga yadda zukata ke saukowa. Ki nemi dattijuwa guda mai hankali ki riƙe ta uwa. Ki shiga adashi, ki kama 'yar sana'a ko kiwon awaki. Amma akwai inda ba a kara. Idan kina da ciki ki je awo, ko da wani ya ce a gidan nan ba a saba ba. Kai maigida, tun cikin na wata bakwai ka san motar wa za a kira, ka san ko hanyar na biyuwa da dare, idan kuwa ba ta biyuwa, ka kai ta wurin dangi a Ƙanƙara ko Funtuwa ta jira haihuwa kusa da babban asibiti. Jini ba ya jiran gari ya waye. Ku kwana cikin gidan sauro, ku karɓi maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da damina, ku tafasa ruwan da ba ku yarda da shi ba. Wanda ya shiga gona da duku-duku ya sa takalmin roba saboda maciji.

Karatun yara shi ne abin da na fi jin tsoro a kansa, domin shi ne asarar da ba a gani sai bayan shekaru. Bayan abin da ya faru a Ƙanƙara an rufe makarantun kwana na wani lokaci, iyaye da yawa kuma suka janye 'ya'yansu ba su mayar ba. Idan ɗanka ya fara karatu a birni, ka je makarantar ƙauyen da kanka ranar Talata ko Laraba da hantsi, ka leƙa aji ka ga ko akwai malami a tsaye, ka buɗe littafin wani yaro ɗan aji huɗu ka ce ya karanta maka. Abin da ka gani shi zai gaya maka ko za ka taho da yaran yanzu, ko za ka bar manyan wurin ɗan'uwa su ƙarasa. Idan ka taho da su, ka shiga kwamitin iyaye na makarantar, ka zama mai zuwa ana ganinsa.

Shi ya sa nake ba ku shawara ku yi tafiyar nan hawa-hawa. Ka fara zuwa kai kaɗai ka yi damina guda, iyali na inda suke, ɗakin hayarka na birni kuma kada ka sake shi tukuna idan da hali. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe, daga kuɗin huɗa har ladan mai ɗinke buhu. Bayan an kai amfani gida, ka zauna da matarka da littafin nan a gabanku, ku duba abin da ya shigo, ku duba dare nawa aka kwana a gida lafiya, ku duba hanyar asibiti da makaranta. Idan lissafin ya tsaya, sai ka gyara ɗaki, ka yi wa mai unguwa sallama cewa iyalinka na tafe, ka ɗauko su da rani lokacin da hanya ta bushe, ku shigo gari da rana tsaka.